Doya Ɗaya, Abinci Bakwai

Idan sabuwar doya ta shigo Lafiya, tulinta a bakin hanyar Makurɗi da kasuwar Agyaragu yakan kusa kai tsayin mutum, kuma duk wadda ka ɗaga kamar 'yar'uwarta take: ɓawo mai ƙasa-ƙasa, ciki fari. Sai ta shiga gida take rabuwa. Wadda aka fere aka zuba wa ruwa da gishiri, dafaffiya ce. Wadda aka ɗora a kan garwashi da ɓawonta aka kankare, gasasshiya. Wadda aka yanka aka jefa a mai, soyayya. Idan an fara dafa ta aka tsoma a ruwan ƙwai kafin suyar, sunanta doya da ƙwai, kuma kuɗinta ya ƙaru. Wadda aka dafa aka kirɓa a turmi ta zama sakwara, wadda aka yanyanka aka dafa da manja da ganye har ta faffashe ta zama fate, wadda kuwa aka sulala aka shanya aka niƙa, sai an tuƙa garinta kafin a kira ta amala. Wanda aikinsa lissafa kayan haɗi ne zai rubuta "doya" sau bakwai, ya tashi bai faɗi komai ba. A madafin wannan ƙasa, abin da aka yi wa abu shi ne yake raɗa masa suna. Tarihin rubuta girki kuwa, tun daga zuwan boko har zuwa kwamfuta, ya yi ta kama sunan kaya da awonsu yana sakin aikin da aka yi musu, kuma tsare-tsaren rubutun girki na yau suna kan hanyar maimaita wannan sakaci.

Lafiya shaida ce mai kyau a wannan shari'a saboda inda take zaune. Bare-bari ne suka kafa sarautarta a ƙarshen ƙarni na 18 ƙarƙashin Muhammadu Dunama, a tsakiyar ƙasar Alago da Migili da Eggon da Gwandara, shi ya sa har gobe ake ce mata Lafiyar Bare-bari. A ƙarni na 19 ta bi Bauci, yayin da Keffi da Nasarawa suke bin Zazzau. A zamanin Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin kogi. Gari ne da gero da dawa na arewa suke karo da doya da manja na kudu, ga riɗi da agushi da ake nomawa a kewaye, ga kifin Binuwai, ga nonon Fulani. Mutanen da suke cin kasuwar harsunansu sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, Hausa ce ta zama harshen ciniki a tsakaninsu. Inda mai saye da mai sayarwa ba gida ɗaya suka tashi ba, dole kalma ta yi aikin da sabo yake yi a gida: sai an faɗa maka abin da aka yi wa kifin nan kafin ka san kwana nawa zai yi a hanya.

Tsofaffin sana'o'in abinci na yankin duk sana'o'in hanya ce, wato hanyar sarrafawa. Gishirin Keana da na Awe, wanda fatake suka daɗe suna yi wa sammako, ba haƙo shi ake yi kamar dutse ba. Mata ne suke tara ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwan gishiri, su dafa ruwan a tukwane har ya ƙone ya bar farin abu; ilimin duk yana cikin tacewa da ƙarfin wuta. Kifi kuwa ɗanye ba ya kai yamma, amma banda tana sa ya kai Kano. Naman sa ɗaya ne a hannun mahauci, sai dai idan an tsire shi a tsinke an bi shi da garin ƙuli-ƙuli an jera a gefen wuta a tukuba, tsire ne. Idan an gasa shi gunduwa-gunduwa, balangu. Idan an feɗe shi siriri an shanya, an tsoma a labu, an sake shanyawa, an nuna wa wuta, kilishi, wanda yake wata da watanni bai ɓaci ba. Idan an dafa an daka an soya, dambun nama. Daddawa ma haka: kalwa ce da aka dafa kusan yini guda, aka surfe, aka wanke, aka sake dafawa, aka rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ruɓa irin wadda ake so. Fatake ba su da takarda a jikin kaya, kalmomin nan su ne takardar. "Ƙyafaffe" da "busasshe" da "soyayye" suna gaya wa ɗan kasuwa farashi, da nauyi a kan jaki, da ranar da kaya zai fara wari.

A ɓangaren hatsi kalmomin suka fi yawa, domin nan ne aikin mata na kullum. Kafin dawa ta ga wuta an sussuka ta, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an niƙa ko an daka, an tankaɗe a rariya an ware tsaki. A kan murhu sai a yi talge, wasu su ce ruɗe, a bar shi ya nuna, sannan a riƙa zuba gari ana tuƙawa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe da mara a malmala. Wanda ya tsallake talge ya zuba gari a tafasasshen ruwa kai tsaye zai ci gudaji, ko da awonsa daidai yake da na gwanar gwanaye. Wannan hatsin dai, idan aka ɓarza shi aka turara a madambaci, dambu ne, ɗan'uwan burabuskon da ake dangantawa da Barno. Idan aka jiƙa shi aka markaɗa aka tace, gasara ce, a dama ta ta zama koko. Idan gero ne aka daka da kayan yaji aka cura aka dafa aka kirɓa, fura ce, ita ma sai an dama. Idan ƙullu ne aka bari ya kwana ya tashi, a tanda waina ce, a faffaɗan kasko sinasir. Ko miya tana da nata: kuka kaɗa ta ake yi da maburgi, ba a juya ta da ludayi a ce an gama. Kowace kalma a nan tana ɗauke da kayan aikinta a goye. Ba a tuƙi sai da muciya, ba a kirɓi sai da turmi da taɓarya, ba a turarawa sai da tukunya mai huji.

Abin da ya fi nuna ƙarfin waɗannan kalmomi shi ne yadda suka karɓi baƙi. Rogo da masara da gyaɗa da tumatir da barkono duk asalinsu nahiyar Amurka ne, bayan ƙarni na 15 suka tsallako teku. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi da Lafiya ya kai Kafancan a 1927, sannan gadar Makurɗi ta kammalu a 1932, ya ƙara kawo mutanen kudu da abincinsu, da fulawa da sukari da gwangwanin madara. Sunayen kaya sun yi ta shigowa, alabo da teba da burodi da makaroni, amma aikatau ɗin madafi kusan ba su ƙaru ba. Masara ta zo aka surfa ta aka tuƙa, fulawa ta zo aka kwaɓa aka turara ta zama alkubus, gyaɗa ta zo aka soya aka niƙa aka matse mai aka toya tunkuza. Suna baƙo ne mai zuwa da tafiya, aiki shi ne ɗan gida. Rogo ya ƙara da wani darasi mai tsanani: nau'insa mai ɗaci yana da guba, kuma abin da yake fitar da ita shi ne gurzawa da matsewa da barinsa ya kwana biyu ko uku ya yi tsami da soyawa a busasshen kasko, ko kuwa jiƙo na kwanaki da shanya. Takardar da ta rubuta "rogo mudu biyu" ta yi shiru a kan jiƙo tana iya kwantar da gida guda.

Nahawun Hausa kansa ya yi wa madafi tanadi. Mai tallar doya ba ta buƙatar jimla, sifa ɗaya ta ishe ta: dafaffiya, soyayya, gasasshiya. Wannan ita ce alamar hanya, kuma tana manne da suna tun kafin a yi tunanin wata alama a kwamfuta. Akwai kuma siga ta biyu wadda ta fi ban sha'awa, wadda masanin nahawu F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai lokacin da ya kasa aikatau ɗin Hausa a 1960: ya dahu, ya soyu, ya gasu, ya tuƙu, ya kirɓu. Wasalin nan na ƙarshe yana cewa aikin ya kai inda ake so ya kai. A inda littafin girkin Turawa zai ce minti ashirin, uwa takan ce wa 'yarta "bar shi ya tuƙu", kuma wannan ya fi agogo gaskiya, domin minti ashirin a kan itacen kirya daban yake da minti ashirin a kan risho. Ma'aunin lokaci a girkin Hausa yana cikin aikatau.

To me ya sa ba a rubuta ba? Ba don rubutu ya yi ƙaranci ba. Malaman ƙasar Hausa da Barno sun yi ƙarnuka suna rubutu da Larabci da ajami, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa a kan magani, kuma kundin malami cike yake da laƙani da aka bayyana hanyarsa dalla-dalla: a samo saiwa kaza, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa kwana uku, ko a tafasa, ko a yi hayaƙi. A can an san cewa jiƙo daban, tafasa daban, kuma an ga dalilin rubutawa. Larabawa sun kai wannan al'ada har madafi. Littafin Ibn Sayyar al-Warraƙ na Bagadaza a ƙarni na 10 yana da girki fiye da ɗari shida. Masanin nan na Ingila, Jack Goody, wanda ya yi bincike a arewacin Gana, ya kawo hujja a littafinsa na 1982 cewa girki mai hawa-hawa yana tafiya ne da rubutu da rabuwar masu hali da talakawa, kuma a yawancin Afirka abincin sarki da na talaka bai bambanta sosai ba sai a yawa. Akwai gaskiya a ciki: tuwon fada da na ƙauye tuwo ne. Amma wanda ya ɗauki wannan ya ce girkin nan ba shi da zurfi ya nemi zurfin ne a inda ba ya nan. Ya duba jerin kayan haɗi ya ga gajere, bai duba jerin aiki ba. Dalilin rashin rubutun ya fi kusa: laƙani sirri ne da namiji ɗaya yake tsoron mantawa, girki kuwa ilimi ne da kowace yarinya take gani sau biyu a rana a gindin murhu. Ba a rubuta abin da ba a tsoron ya ɓace.

Da boko ya zo, kalmomin sun shiga takarda ta ƙofar ƙamus. G. P. Bargery ya fitar da nasa a 1934, ya tattara dubban kalmomi har da bambancin Kano da Katsina da Sakkwato, kalmomin murhu na ciki, amma a warwatse bisa jerin baƙaƙe, kowace nesa da 'yar'uwarta. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna matan aure suna sana'ar abinci daga cikin gida, yara suna kai talla, sai dai labarin rayuwa ne, ba littafin koyarwa ba. Siffar rubutun girki da muka sani yau daga waje ta zo da shirinta. Eliza Acton a Ingila, a 1845, ta yi fice wajen ware jerin kayan haɗi da adadinsu. Fannie Farmer a Boston, a 1896, ta kafe a kan awo da kofi da cokali shafaffe. Wannan siffa ta biyo darasin kula da gida a makarantun 'yan mata, daga baya ta shiga shafukan mata na jaridun Hausa da ƙananan littattafan girke-girke na kasuwa. Mata sun hore ta iya iyawarsu: gwangwanin madara ya zama kofi, mudu ya tsaya a matsayinsa, marubuciya tana kiran mai karatu "uwargida" tana ce mata "sai ki". Amma ka duba rabon fili a irin wannan shafi. Kayan haɗi suna da kanunsu da layi-layinsu, har ɗanɗano da gishiri. Aikin kuwa a dunƙule yake a ƙasa, kuma sau da yawa a daidai wurin da ake buƙatar bayani sai a ce "ki tuƙa kamar yadda aka saba". Siffar an ɗinka ta ne don kek, inda kuskuren awo yake ɓata komai, aka sa wa tuwo, inda kuskuren hannu ne yake ɓatawa.

Abin da yake faruwa idan alamar hanya ta bar gida ba mai rakiya, kalmar suya ta nuna shi. A Hausa suya aikin kasko ne. Amma a Legas da Inugu, har Landan, abin da ake kira da wannan suna tsire ne, wanda gashi ne. Kalmar aiki ta zama sunan kaya, kuma ta sauka a kan aikin da ba nata ba. Ba wanda ya cutu da wannan, harshe yana da ikon yawo. Cutar tana zuwa ne a inda ake gina lissafi a kan kalma. Jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012, ta sabunta a 2019, da Turanci da Faransanci yake, kuma yana raba abinci ɗanye da dafaffe da gasasshe saboda abin da wuta da ruwa suke ragewa ya bambanta. Ma'aikaciyar asibiti da take ba mai ciwon sukari shawara a Lafiya dole ta fassara wannan zuwa tuwo da dambu da kunu, kuma ukun nan daga masara ɗaya suke, ruwan da kowanne ya sha ne ya raba su. Gaskiya kuma ita ce rashin daidaiton ta ɓangare biyu yake. Hausa tana cewa "gasa" ga masara a kan garwashi, da gurasa a tanderu, da kek a obin, inda Turanci yake da kalma fiye da ɗaya. Ba wani harshe da ya fi wani. Kowanne ya yanka naman ne a gaɓar da wuƙarsa ta saba.

Lafiya tana da misali na kusa a unguwar masu casar shinkafa, inda injina da manyan tukwanen gumi suka daɗe suna ciyar da kasuwanni har wajen jiha. Gumi shi ne a jiƙa shanshera, a ba ta zafi, a shanya, sannan a kai inji, don kada ƙwaya ta kakkarye. Daga 2011 hukumar JICA ta Japan ta gudanar da wani shiri a Lafiya da Bida don gyara wannan aiki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka yaɗa shi ne faifan ƙarfe mai huji da ake sawa a gindin tukunya, ya raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ya riƙa ratsa ta. Sakamakon shi ne ƙwaya mai haske wadda launinta bai rarrabu ba. Duk macen da ta taɓa yin dambu ta san wannan faifai, madambaci ne aka yi masa girma. Bambancin da ya ɗaga darajar buhu guda a kasuwa shi ne bambancin dafawa da turarawa, kalmomi biyu da suke bakin mata tun kaka da kakanni.

Yanzu rubutun girki ya koma waya da kwamfuta, kuma injiniyoyi sun ƙirƙiro hanyoyin sa wa rubutu alama don na'ura ta gane shi. A 2011 manyan kamfanonin bincike na intanet, ciki har da Google, suka kafa tsarin schema.org, wanda a ɓangarensa na girki ya ware gurbi guda don hanyar dahuwa. A 2021 wani tsari mai suna Cooklang ya fito da dabara mai sauƙi: ka rubuta girkinka da jimlolinka na yau da kullum, sai ka sa alamar @ a gaban kayan haɗi, # a gaban tukunya ko kasko, ~ a gaban lokaci. Daga nan na'ura za ta fitar maka da jerin cefane, ta ninka awo idan baƙi sun ƙaru, ta kunna agogo. Dabara ce mai kyau, kuma ta dace da inda data take da tsada, tunda rubutu tsura ba ya cin komai. Amma ka lura da abin da ya samu alama: kaya, da mazubi, da minti. Gadon Acton da Farmer ke nan. Aikatau, wanda shi ne kan gaba a kowace jimlar girki, an bar shi tsirara. Gurbin schema.org ma ɗaya ne ga abinci sukutum, alhali kilishi kaɗai ya bi ta shanya da tsomi da gashi, dambun nama ya bi ta dahuwa da daka da suya, kuma jerin da suka bi shi ne abincin.

Mai musu zai ce aikatau yana nan a cikin jimla, na'ura ta neme shi mana, me ya kawo wata alama? Wannan yana iya tafiya a harshen da kalma ba ta cika sauya kama ba. A Hausa aiki ɗaya yana fitowa a matsayin dafa, dafe, dahu, dahuwa, dafaffe, dafaffiya. Wani kuma soya, soye, soyu, suya, soyayye. Sannan rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gasa" ta masara da "gasa" ta ƙwallo iri ɗaya suke a ido, "tuƙi" na tuwo da na mota haka, "dama" ta fura da ta hannu da ta sarari haka, "ya damu" yana iya zama kunu ko mai gida. Ƙara da cewa yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, sai "kirɓa" ta zama "kirba", "ƙyafe" ta zama "kyafe". Alama ɗaya da marubuciya za ta sa da hannunta tana warware duk wannan, kuma ita ce za ta ba mai nema damar cewa a nuna masa abin da ake turarawa kawai saboda likita ya hana shi mai, ko abin da ba ya buƙatar dogon tuƙi saboda gas ya yi tsada.

Musu na biyu ya fi nauyi. Idan za a sa alama, da kalmar wa? Wani ya ce waina wani ya ce masa, wata ta ce toya ƙosai wata ta ce soya, talge a nan ruɗe ne a can. Bugu da ƙari, Lafiya ba garin Hausawa zalla ba ne. Eggon da Alago da Migili da Tibi kowanne yana da kalmomin murhunsa, kuma mai yiwuwa ne a ce fifita na Hausa danniya ce irin wadda ake kuka da ita daga Turanci. Masu son tsari za su ce a taƙaita, a ɗauki kalma goma da duniya ta sani, kowa ya cusa nasa a ciki. Amsar tana cikin kasuwar kanta. Shekara fiye da ɗari ana ciniki a Lafiya ba a taɓa zama an tsayar da kalma goma ba. Abin da aka yi shi ne kowa ya riƙe tasa, ya kuma san ta maƙwabcinsa. Tsarin da ya dace shi ne wanda zai bar mai rubutu ta sa wa kalmarta alama yadda take faɗinta, a gefe guda kuma a ajiye jadawalin da yake cewa wannan 'yar'uwar wancan ce, wannan kuwa ba ta da 'yar'uwa. Haɗa kalmomi biyu daga baya abu ne mai sauƙi. Raba su bayan an narkar da su a tukunya ɗaya shi ne ba ya yiwuwa: idan aka rubuta tuƙi da damu da kaɗi duk a matsayin "juyawa" a girki dubu goma, ba injiniyan da zai dawo ya tsince su.

Musu na uku ba a iya ture shi gaba ɗaya, wato cewa tuƙi a hannu yake, alama ba ta koya wa kowa riƙon muciya. Haka ne, kuma shi ya sa shirin girki na talabijin irin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, da bidiyon da mata suke tura wa juna a waya, suka fi kowane littafi karɓuwa: ido yana ganin kaurin talge. Sai dai sharaɗin da ya sa kakanni ba su rubuta ba ya fara warwarewa. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, ta cika da ma'aikata da ɗalibai, jami'ar tarayya ta zo a 2011, yarinya takan yi shekarun koyon girki a makarantar kwana, ta yi aure a garin da uwarta ba ta nan. Murhu ma ya sauya a ƙarƙashin tukunya: daga duwatsu uku zuwa risho, zuwa murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha a shekarun wahalar kananzir, zuwa gas. Inji ya karɓe surfe da niƙa, garin sakwara na leda yana neman karɓe kirɓi. Kalmomin aikin da ake yi kafin a kai wuta su ne suka fara tafiya. Yaran birni da yawa sun san tankaɗe amma bakace sai a bakin kaka. Bidiyo yana nuna hannu, amma ba a iya bincika shi da kalma, kuma yana tafiya da wayar da ta lalace. Layi ɗaya na rubutu da ya ce a yi talge da tsaki, a bar shi ya nuna kafin a zuba gari, aka kuma sa wa "talge" alamar da ta nuna mataki ne mai zaman kansa, ya isa ya sa amaryar da take zaune a Shabu ko Bukan Sidi ta tsaya, ta kira gwaggonta a waya ta ce, "Gwaggo, wai yaya ake gane ya nuna?"